Kafin Karenka Ya Shiga Uwa Duniya: Shawarwari ga Magidantan Birnin Kudu da Gwaram

In akuya ta ɓata a Kangire ko a Kila, kafin la'asar magana ta kai kunnen mai unguwa, an tura yara bakin rafi da bayan gari, an bar sallahu wurin mahauta. In kare ne ya ɓata, sai gidan ya yi tsit. Yara na leƙen ƙofa, uwargida ta ajiye ƙanzo a kasko ko zai dawo, maigida kuwa nauyi ya hana shi buɗe baki a majalisa, domin ya san abin da za a ce masa: "Haba Malam, kare ne fa. Ai kare ba ya ɓata, yunwa za ta koro shi." Wani lokaci takan koro shi ɗin. Sau da yawa kuma shi ke nan, sai dai labari: mota ta take shi a titin Kano, ko ya ci guba a juji, ko an jefe shi a wani ƙauye da sunan mahaukaci ne, ko wani ya jefa shi a keji ya yi gaba.

Wannan nauyi da muke ji ba shi da tushe. Mutanen kudancin Jigawa manoma ne da makiyaya da mafarauta, kuma gona da dabbobi da farauta su ne dalilan da hadisi ya halatta ajiye kare dominsu. Malamai da dama sun haɗa tsaron gida da su. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Katangar gidansa ce ta faɗi, ya ajiye kare yana yi masa gadi, da aka yi masa magana sai ya nuna cewa da Imamu Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. To wanda ya kawo kare gidansa don wata bukata ya ɗauki amana biyu. Akwai ta dabbar, mai jin yunwa da ƙishi da tsoro. Akwai ta maƙwabta, waɗanda 'ya'yansu da kajinsu da awakinsu ne za su fara haɗuwa da shi ranar da ya fice.

1. Ka zagaya gidanka kana duban ƙasa. Mu saman katanga muke kallo, kare kuwa gindinta yake shinshina. Da yawa daga karnukan da suka fice ko tsalle ba su yi ba. Sun bi ta rariyar da ruwan wanka ya zaizaye kaɗan kaɗan, ko gindin danga inda gara ta cinye kara, ko ƙarƙashin ƙyauren langa-langa da ya ɗage daga ƙasa. Duk kafar da kan kare ya shige, ka ɗauka jikinsa ma zai bi. A gindaya wa rariya rodi biyu ko uku, mai walda zai gama maka a zama ɗaya. A gindin danga a haƙa ɗan rami a jera duwatsu a binne, tunda dai in akwai abin da Allah ya hore wa ƙasar Birnin Kudu, to dutse ne. Bayan nan ka ɗaga kai. Tarin itacen girki, turmin da aka kife, bulon da ya rage daga gini, amalanken da aka jingine, duk matakala ce a wurin kare. Katangar da ta kai ƙafa shida takan tsare yawancin karnukanmu na gida, amma in ka jibge buhunan ƙaiƙayi a gindinta, kai da kanka ka rage mata tsawo. Kuma zagayen nan ba na rana ɗaya ba ne. A watan Agusta, duk daren da aka kwana ana ruwa, ka duba katangar ƙasa da sassafe kafin ka saki kare, domin a irin wannan dare ne gefe guda kan zube ba wanda ya ji.

2. A yi wa ƙofa doka, kowa ya san ta. Gidan Bahaushe ƙofarsa ba ta hutawa: 'yan talla, almajirin da ke ɗaukar kwano, mai ga-ruwa da kurarsa, yaran maƙwabta, matan da suka zo barka. Ba za ka tsare su duka ba. Abin da za ka iya shi ne ka yi amfani da zauren da kake da shi. In ƙofar cikin gida na rufe lokacin da ta waje ke buɗe, kare ba shi da hanya. A sa sakata a inda hannun yaro zai kai, a kuma ɗora wa mutum ɗaya, babban yaro ko uwargida, alhakin tabbatar da cewa kare na wurinsa kafin a wangale ƙofa don shigar da babur, ko buhuna ranar da aka kawo amfanin gona.

3. Ka ciyar da shi, kada ka ce ya nema. A nan ne yawancinmu muke da laifi. Akwai masu cewa in kare ya ƙoshi ba zai yi gadi ba, ko ba zai bi zomo ba. Sai a bar shi da abin da ya faɗo daga kwanon yara, wata rana a samu, wata rana babu. Karen da ke jin yunwa bai san wani gida ba sai inda abinci yake. Yau ya gano jujin bayan kasuwa, gobe kwata, jibi ya bi ƙanshin tukubar mai tsire har bakin titi. Daga nan gidanka ya zama wurin kwana kawai, in an jima ko kwanan ma ya daina. A ba shi abinci sau biyu a rana, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Tuwon dawa ko na masara da ɗan romo, da tarkacen nama ko kifi in an samu, ya wadatar. A guji ƙashin kaza dafaffe domin yana tsagewa ya soki hanji, a kuma rage masa miyar da albasa ta yi wa yawa. Ruwa kuwa kada kaskonsa ya bushe ko da sa'a ɗaya, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura maki 40. Kowa ya san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, kare ne ma da ba nasa ba. Ina ga wanda ka kawo da hannunka ka ɗaure a gidanka?

4. Ɗauri ba tsaro ba ne in ya zama azaba. Wasu da zarar kare ya taɓa ficewa sai su samo gajeriyar sarƙa su ƙulle shi a turke dare da rana. Karen da aka yi wa haka yakan zama ɗayan biyu: ko mafaɗaci mai kai wa kowa cizo, ko mai jiran ranar da zobe zai ɓalle ya yi tafiyar da ba dawowa. Ga hatsarin rana. Inuwar da ka ɗaure shi a cikinta da hantsi ta gusa kafin azahar, shi kuwa ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jiki, sai ka dawo daga kasuwa ka tarar da shi a sheme. Ga hatsarin shaƙewa in aka ɗaure shi kusa da katanga ko danga, ya yi tsalle ya rataye ta ɗaya gefen. In dole ne a ɗaure, a ja waya mai ƙarfi tsakanin bishiya biyu ko turaku biyu, a zura zobe, a maƙala sarƙar a jikin zoben, yadda zai riƙa kai da kawowa ya kai ga inuwa da ruwa. Abin wuya ya zama na fata mai faɗi, kada a yi da waya ko igiyar leda mai cin fata, kuma a bar sararin da yatsu biyu za su shiga. Wanda ya fi wannan duka shi ne a kewaye masa ɗan wuri a kusurwar gida, da rumfa, a sake shi cikin tsakar gida da dare bayan an kulle ƙofa. Kuma a riƙa fita da shi. Karenmu na gida, mai dogayen ƙafafu da siririn ciki, jikin gudu gare shi. In ba ka fita da shi gona ko bayan gari da igiya a hannunka ba, zai nemo hanyar fita shi kaɗai.

5. Ka lura da lokacin barbara. Karya takan shiga wannan hali kamar sau biyu a shekara, ta yi mako biyu zuwa uku a ciki. Karnukan unguwa da na nesa suna jin warinta, kuma namijin da bai taɓa tsallake katanga ba zai tsallake a wannan makon. Yakan bi ayarin karnuka kwana da kwanaki, ba ci ba sha, ana faɗa, ya dawo da kunne a yage in ya dawo. Mai karya ya killace ta a ɗaki mai ƙofa har ta gama, domin ɗauri a fili ba ya hana maza shigowa. Mai namiji, in ba iri yake nema ba, ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa fiɗiya. Tana rage yawon neman mace sosai, kuma ba ta hana shi haushi in baƙo ya taɓa ƙofa. Kada a yarda a yi ta a gida da reza.

6. Ka san abin da ke firgita shi. Tsawar farkon damina, harbin bindigar toka ranar hawan Sallah ko naɗin sarauta, abin fashewa da yara ke wasa da shi, gangunan biki da jiniyar jerin motocin 'yan siyasa, duk suna iya sa kare ya fita hayyacinsa. Karen da ya gudu don tsoro ya fi wuyar samu, domin gudu yake yi ba tare da lura da hanya ba. In ka ga hadari ya haɗo, ko ka san gobe akwai taro a gidanka ko a maƙwabta, ka shigar da shi ɗakin ajiya tun da wuri, ka aje masa ruwa ka rufe. Sai kuma jifa. Yaranmu sun tashi suna ganin jifan kare kamar wasa ne, babba na zaune ba zai tsawatar ba. Ka hana naka, ka yi wa iyayen na maƙwabta magana cikin mutunci. Haka nan ka hana samarin gida cuna shi ga mutane ko awaki don nishaɗi. Karen da aka koya wa bin abin da ke gudu, wata rana zai bi babur har ya manta hanyar gida.

7. Sabon kare sai an yi haƙuri da shi. In ka karɓo babban kare daga wani gari, ka sani zuciyarsa na can. Ka sake shi a daren farko, to ka neme shi a hanyar tsohon gidansa. A killace shi mako biyu ko fiye, mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci yana kiran sunansa, har ya zama in ya ji muryar yana kaɗa wutsiya. Kwikwiyo ya fi sauƙi. Ka raɗa masa suna gajere, Duna ko Zaki ko wanda ka ga dama, kowa a gidan ya riƙe wannan sunan. Duk lokacin da ka kira ya zo, ka ba shi ɗan abin taɓawa ko ka shafa kansa. Kada ka taɓa kiransa don ka doke shi. Ranar da ya kuɓuce ya nufi titi, wannan kiran ne kawai abin da ke hannunka, in ya saba cewa kira na nufin sanda, ba zai juyo ba.

8. Ka sa masa shaidar cewa yana da mai shi. A Ingila tun shekarar 2016 doka ta wajabta a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanin mai shi. Ita sai da na'urar karantawa take amfani, mu kuwa abin da zai yi mana aiki yana hannun baduku. Ya ɗinka maka abin wuya na fata, a buga lambar wayarka a jikin ɗan ƙarfe ko a rubuta ta da fenti a fatar. Karen da ke da abin wuya, ko a baƙon ƙauye ya ɓulla, mutane kan yi jinkirin ɗaga masa sanda, don sun san akwai mai nema. Ka kuma ɗauke shi hoto da waya, gaba da gefe, yadda tabonsa ko farin ƙirjinsa ko yankakken kunnensa zai fito. "Wani jan kare" ba kwatance ba ne a ƙasar da rabin karnukanta jajaye ne.

9. Farauta, gona da ranar kasuwa. Da rani, in 'yan farauta suka cika mota da karnuka suka nufi dazukan da ke kan iyakarmu da Bauchi, ba kowane kare ke dawowa ba. Wani ya bi nama ya yi nisa, aka busa ƙaho aka tashi ba a ƙirga ba. A ƙirga karnuka kafin a hau mota, kowane mai kare ya ga nasa da idonsa. Kada a kai ƙaramin kare dajin da bai sani ba kafin ya iya amsa kira. In wani bai fito ba har duhu, mai shi ya bar rigarsa da ya yi gumi a ciki da ɗan ruwa a daidai inda aka sauka, ya dawo da asuba. Kare yakan biyo sawunsa ya dawo inda ya rabu da mutanensa, warin rigar kuma yakan zaunar da shi. Masu kai kare gona don korar birai su kula da lokacin da dawa ta rufe mutum, su kuma kula da kwanakin da garken shanu ke bin burtali, domin karen gida yakan bi garke, ko ya gamu da karnukan makiyaya. Ranar kasuwar Sara ko ta Babaldu kuwa, kare ya zauna a gida. Cunkoso, manyan motoci, ƙanshin nama, babu abin da zai amfane shi a can.

10. Ka yi masa allurar haukan kare tun bai fita ba. In da za a ce in zaɓi shawara ɗaya a cikin waɗannan, ita ce wannan, domin ita ce ta shafi rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar a yawu take. Ta shiga ta cizo, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku. Da zarar alamu sun bayyana, a mutum ko a dabba, kusan babu mai tashi. To ka duba abin da ke faruwa in karenka ya yi kwana uku a waje. Ba ka san da wa ya yi faɗa ba. Ya dawo da ɗan rauni a wuya, ya warke, kowa ya manta, yara na wasa da shi, bayan wata biyu ya fara abin da ba a saba gani ba. Allura ce ke toshe wannan hanya. Ana fara ta tun kwikwiyo na wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana cikin masu sarrafa wannan rigakafi a nan gida Nijeriya. Ka tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku, ka karɓi takardar shaida ka adana ta inda kake adana takardun gona. Ranar da aka zo ƙofarka ana cewa karenka ya ciji yaro, wannan takarda za ta kwantar da hankalin gida biyu. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar takan daina yawo a cikinsu. Saboda haka mafarauta su yi magana da Sarkin Baka a tara karnuka rana ɗaya a gayyato malamin dabbobi. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, a wurare da dama akan yi allurar kyauta a lokacin, sai a kasa kunne.

11. In ya riga ya fice, kada ka kwana kana jira. Sa'o'in farko su ne masu daraja, kafin ya yi nisa. Fara da cikin gida: ƙarƙashin rumbu, bayan tarin kara, tsohuwar rijiya, ramin masai da aka haƙa ba a rufe ba. Daga nan a rabu kashi biyu ko uku. A duba juji, kwata, wurin masu tsire da masu shayi, bakin rafi da kududdufi, da duk gidan da ake da karya. Mai kare a garin Birnin Kudu ya leƙa lungunan duwatsu irin na wajen Dutsen Habude da Dutsen Mesa, domin karen da ya firgita ɓuya yake nema. Da asuba da kuma bayan magariba ya fi fitowa, da tsakar rana yana kwance a wata inuwa. Wanda karen ya fi sabawa da shi ya riƙa kira da muryar da yake kiransa cin abinci, a bar ihu da taron yara masu sanduna.

Sannan ka yi cigiya, ka cire kunya. Ka gaya wa mai unguwa kamar yadda za ka gaya masa in tinkiya ce. Ka nuna hoton ga 'yan acaɓa, su ne ke shiga kowane lungu daga Wurno zuwa Sundimina, daga Basirka zuwa Fagam. Ka gaya wa 'yan sintiri masu kwana a waje, da mafarauta, da makiyayan da ke zaune kusa. Ka tura hoton a zaurukan WhatsApp na unguwa da na masu sana'a, ka faɗi ranar da ya fita da inda aka yi masa ganin ƙarshe, ka ambaci cewa an yi masa allura in an yi, domin wannan kalmar na iya hana a kashe shi. Ɗan tukuici ga wanda ya kawo labari ba asara ba ne. Akwai kuma dalilin gaggawa da ba kowa ke son faɗa ba. Kare haja ce a wasu sassan ƙasar nan. Kasuwar karnuka ta Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato ta shahara, fatake na tattaro karnuka daga jihohin Arewa da ƙasashen maƙwabta su kai can, daga nan a yi kudu da su. Masu wannan sana'a saye suke yi, amma karen da ke yawo ba mai shi, wani ɓata-gari na iya kama shi ya sayar musu. In ka ji an ce masu sayen karnuka sun sauka a yankinku, ka je da hoton ka tambaya cikin lalama tun ba su tashi ba.

12. In ka hango shi, kada ka bi shi da gudu. Karen da ya kwana biyu a firgice yakan guje wa ko da mai shi. Ka tsaya, ka durƙusa, ka juya masa gefe, kada ka zuba masa ido. Ka ajiye abinci a ƙasa ka ja da baya, ka kira shi a hankali har ya matso ya ji warinka. Amma fa ka fara karanta halinsa daga nesa. In ka ga yana dalalar da yawu, muƙamuƙinsa ya saki, yana tangaɗi, yana cizon itace da ƙasa, ko muryarsa ta sauya, kada ka matsa kuma kada ka bar kowa ya matsa, ko da kai ka raine shi tun yana shan nono. A janye yara, a kira malamin dabbobi.

In lafiya lau ya dawo, ko da ƙafarsa ko a hannun wani, kada ka tarbe shi da duka. Shi abin da zai gane shi ne dawowar ce ta jawo masa sanda. Ka ba shi ruwa, ka ba shi abinci kaɗan, ka duba jikinsa: rauni, kaska a kunne da tsakanin yatsu, ƙaya a tafin ƙafa. In akwai alamar cizo, ka sa leda ko safar hannu kafin ka taɓa, ka killace shi nesa da yara da dabbobi, ka nemi likitan dabbobi ko da an taɓa yi masa allura. Shi zai faɗi tsawon killacewar da abin da za a ƙara masa.

13. In ya yi ɓarna a waje, ka tsaya a kanta. Ya kashe kazar maƙwabci ko ya yaga ɗan akuya, ka je da kanka ka ba da haƙuri ka biya, kada ka jira a kai ka gaban dagaci. Da yawa daga karnukan da ake sa wa guba, haushin mai su ne aka huce a kansu. In mutum ya ciza, ko ya yakushe shi har fata ta buɗe, abu na farko shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, nan take, kafin a tsaya neman mai laifi. Daga nan sai asibiti a ranar, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko babban asibitin da ya fi kusa, a gaya musu cizon kare ne, a nemi allurar bayan cizo, a kuma kammala ta yadda aka tsara. Ƙona gashin karen a shafa, ko ɗaure wurin da garin magani, ba ya taɓa ƙwayar cutar. Karen kuma kada a yi saurin kashe shi in ana iya kama shi ba tare da hatsari ba. A tsare shi kwana 10 ana lura da shi, abin da aka gani a kai wa likita. Wanda aka ciza ba zai jira kwanakin nan ba, zai fara allurarsa tun ranar farko. Kuɗin magani kuma a wuyan mai kare ya kamata ya hau.

14. In an neme shi an rasa. Kada a daina da wuri. Ana samun kare bayan makonni a wani ƙauye, wani ya riƙe shi yana ba shi abinci, don haka a riƙa tuna wa 'yan acaɓa da mafarauta lokaci lokaci. Yaron da ya saba da shi zai yi kuka, zai ƙi cin abinci, kada a yi masa dariya ko a ce don kare yake wannan. Tausayin da ke cikinsa abu ne mai kyau, a lallashe shi, a gaya masa gaskiyar abin da aka sani, a sa shi cikin masu nema. Kai kuma in baƙon kare mai abin wuya ya ɓullo ƙofarka, lafiyayye, ka aje masa ruwa daga nesa, ka hana yara jifa, ka sanar da mai unguwa, in lambar waya na karantuwa ka kira. Kuma kafin ka karɓo wani kwikwiyon, ka gano ta inda na farko ya fita, ka toshe wurin, ka tanadi kuɗin allurarsa ta wata uku.